Ruwan pampo ko na leda da gora: wanne ya fi mana?

Jama'a masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare, yau batunmu ruwan sha ne. A tasha, a kasuwa, wajen biki ko zanen suna, ruwan leda da na gora sun zama abin tarbar baƙo, har wasu na ganin ruwan pampo na marar hali ne. To, mu duba mu gani.

Mu fara da aljihu. Ledar ruwa rabin lita ce, galibi dala biyar. Lita 1000 ke nan leda 2000, wato jaka hamsin. Amma lita 1000 ɗin nan a pampon gida kuɗinta bai kai jaka ɗaya ba. Na gora kuwa ya fi na leda tsada nesa ba kusa ba.

Sai batun lafiya. Ruwan da kampanin NDE, wanda ya gaji SEEN a 2024, yake rabawa cikin garuruwa ana sa mishi sinadarin kulor mai kashe ƙwayoyin zawo da kwalara. A Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala. A Maraɗi da Tawa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ɗan warin jabel da muke ji, alama ce maganin yana aikinshi. Ruwan leda kuwa, akwai masu yin shi da tsabta, akwai masu ɗurawa a bayan gida ba mai bincikarsu. Ga shi da haƙori muke huda ledar da ta bi ta hannuwa da ƙura.

Wannan ba ya nufin kowane pampo lafiya lau ne. Mutanen Tibirin Gobir ba su manta da yaran da ƙasusuwansu suka lanƙwashe ba, saboda yawan sinadarin fuluwor a ruwan wani foraj. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita, kuma tafasawa ba ta cire shi. Shi ya sa duk garin da aka gina wa foraj ko shato, haƙƙin jama'a ne su nemi ma'aikatar ruwa ta auna shi, ta faɗa musu sakamako. A Damagaram kuma, inda ake kwanaki pampo bai zubo ba, matsalar samun ruwan ce tukuna, kuma dole mu ci gaba da tuna wa hukumomi.

Sau da yawa ruwa yana fitowa da tsabta, a gida yake gurɓata. Don haka a riƙa wanke bido da randa da sabulu, a rufe su, a keɓe moɗa guda ta ɗiba. In ruwa ya dawo bayan yankewa, a bar shi ya zuba har ya washe. Lokacin ambaliya ko annoba, irin kwalarar 2021 da ta taɓa Maraɗi, Damagaram da Tawa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta, a jira minti 30.

Ga kuma muhalli. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. A gona tana hana ruwa shiga ƙasa. Mahauta shaida ne kan ledar da suke cirowa a tumbin awaki da shanun da suka rame har suka kasa. In an ƙone ta, hayaƙin ya cutar da ƙirji. Tun 2014 akwai dokar hana shigowa da ledoji marasa kauri da sayar da su, amma kowa na ganin halin da titunanmu ke ciki.

Matafiyi ya cika gorarshi tun daga gida. Mai biki ya ajiye randa ko kula mai murfi, da kofuna wankakku. Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Akara, Legas ko Aljeriya, in za ku aiko da taimako, ku tuna da kuɗin jawo pampo cikin gida ko gyaran na gari da ya lalace. Biki kwana ɗaya ne, pampo kuwa kullum za a sha.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.