Tattali a Sana'ar Zubin Tukwane

Duk wanda ya ratsa kasuwannin ƙasar Magariya, tun daga Bande da ke kan hanyar Damagaram har zuwa Dungas, lalle idonsa zai faɗa kan tukwanen alminiyum a jere suna ƙyalli, alhali kaɗan ne ke sanin cewa asirin kowace tukunya yana ga mazubin ƙasar da aka rushe kafin a fito da ita. Wannan sana'a ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sa'ad da tarkacen alminiyum ya yawaita, maƙera suka koyi narkar da shi da gawayi.

Shi mazubi haɗi ne na rairayi mai laushi da yumɓu kaɗan da ruwa gwargwado, a danƙare su cikin akwatin katako kewaye da tukunyar da ake son kwaikwaya. In ruwa ya yi yawa, narkakken ƙarfe, wanda zafinsa ya haura digiri 660, sai ya tayar da tururi ya bar ƙofofi a jikin tukunya. In kuwa ya gaza, ƙasar ta zube, a sake narki, gawayi da aikin yini su tafi a banza. Saboda haka gwanaye kan dunƙula ƙasar a hannu, in ta riƙe siffar yatsu ba ta manne wa tafi ba, to ta yi.

Daga nan sauran tattalin ke biyowa: a tankaɗe tsohuwar ƙasa a sake aiki da ita, a shirya mazubai masu yawa kafin a hura wuta domin narki ɗaya ya wadatar da su, a kuma mayar da ɓarɓashin da aka datse cikin tukunyar narki.

Sai dai malamai sun bambanta tattali da algushu. Wanda ya rage kauri, ko ya jefa tarkace mai gubar darma cikin abin da za a dafa wa yara tuwo a cikinsa, ya ci amanar da mai saye ya ba shi. Ribar halal tana ga kyautata mazubi, domin tukunyar da ta fita lafiya a zubin farko ita ce mafi araha ga maƙeri da uwargida baki ɗaya.