Shayin Sin da Ciwon Kai: Gaskiya da Zuƙi

A bakin babbar kasuwar Jalingo na tarar da mai tallan magani ya kafa lasifika a kan mota. Ya ɗaga wani koren kwali mai rubutun Sinanci, yana rantsuwa cewa shayin da ke ciki na tumɓuke ciwon kai daga saiwa, ba shi da illa tunda ganye ne, ga kuma lambar NAFDAC. Wani direban keke ya miƙa kuɗi: "Malam, ba ni biyu. Kullum da la'asar sai in ji kamar an naɗa mini rawani an tamke."

Ciwon da ya kwatanta shi ne mafi yawa a tsakanin mutane. Yakan kama gefe biyu na kai har ya sauko ƙeya, kuma gajiya, ƙishirwa, rashin barci da damuwa ke tayar da shi. Sau da yawa da kansa yake lafawa, sai shayi ya kwashe yabon.

Ba duka maganar mai tallan ce ƙarya ba. Ɗaruruwan shekaru Sinawa na amfani da saiwar chuanxiong don ciwon kai, kuma daga wani ganyensu aka samo artemisinin, maganin zazzaɓin sauro da ya ba wadda ta gano shi, Tu Youyou, kyautar Nobel a 2015. Sai dai shi an tace shi, an auna, an gwada a kan dubban majiyyata. Gwajin da aka yi wa haɗe-haɗen ciwon kai galibi ƙanana ne, ba su kai a kafa hujja da su ba.

Batun "ganye ba ya cutarwa" kuwa, wanda ya san zaƙami ba zai faɗi haka ba. A farkon shekarun 1990, mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu bayan sun sha maganin rage ƙiba da tsiron aristolochia ya shiga ciki. Saiwar gancao mai zaƙi, wadda ake yawan zubawa a haɗin Sinawa, tana ɗaga hawan jini idan aka dimanci shanta. An kuma sha kama kwalayen "ganye zalla" da maganin bature a ɓoye ciki.

Lambar NAFDAC fa? A kan maganin gargajiya, abin da take nufi shi ne an duba ba a ga guba ba. Ba shaidar warkarwa ba ce, kuma 'yan jabu ma sun iya buga lamba.

Da direban nan ƙanena ne, zan ce ya sha ruwa sosai, ya samu barci, ya auna jininsa. Farasitamol na taimakawa, amma shansa kwana 15 ko fiye a wata kan haifar da nasa ciwon kan. In ciwon ya zo kwatsam da ƙarfi, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko gani ya dushe, ya ajiye kofin ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo.