Uban Da Ba Ya Magana: Abin Da Fim Ɗin Shakti Ya Tono Mana

Saɓani tsakanin uba da ɗa ba baƙon labari ba ne a ƙasar Daura. Bayajidda da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, masu tarihi sun ce rigima da mahaifinsa, Sarkin Bagadaza, ce ta fito da shi daga gida. Watakila shi ya sa finafinan Indiya masu irin wannan labari suka samu shiga a wurinmu tun zamanin kaset.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Shakti, na shekarar 1982, wanda Ramesh Sippy ya shirya. Dilip Kumar ya fito a babban ɗan sanda mai gaskiya, Amitabh Bachchan kuwa ɗansa Vijay. Tun Vijay yana yaro 'yan ta'adda suka sace shi, suka ce sai uban ya saki mutuminsu da ke tsare. Uban ya ƙi, ya ce ba zai ci amanar aikinsa ba, yaron kuwa yana ji. Ya kuɓuta, amma maganar ba ta bar zuciyarsa ba. Ya girma ya shiga cikin miyagu, daga ƙarshe harsashin uban ne ya kashe shi.

Jama'a, a ganina uban bai yi laifi da ya ƙi sakin ɗan fashi ba. Laifinsa shi ne shekarun da suka biyo baya. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma bai taɓa zaunar da yaron ya gaya masa irin ƙunar da ya sha a ranar ba. Sai da ɗan yake shure-shuren mutuwa a hannunsa sannan kalmar ƙauna ta fito.

Mu ma muna da namu. Kunyar ɗan fari al'ada ce da muka gada, Kirista da Musulmi duka: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, saƙo ma sai ta bakin uwa ko kawu. Ban ce a zubar da ita ba, akwai ladabi a ciki. Amma yaron da ke zama a gidan kallo ya ga iyayen fim suna rungumar 'ya'yansu, ya dawo gida ya tarar da tsawa kawai, ba lalle ya fassara shirun nan da kunya ba. Wani ƙiyayya zai ɗauka. Daga nan sai a ji ya tsallaka Kongolom ya shiga Nijar, ko ya yi Kano ba sallama.

Littafi Mai Tsarki ya riga Indiyawa ba da wannan labari. A duba 2 Sama'ila, sura 13 zuwa 18. Bayan Absalom ya kashe Amnon, ya yi shekara 3 a Geshur. Dawuda ya yarda ya dawo Urushalima, amma ya hana shi ganin fuskarsa har shekara 2. Sai da Absalom ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab wuta kafin aka kai shi gaban ubansa. Da aka kawo wa Dawuda labarin mutuwarsa, ya hau bene yana kuka, yana ta kiran sunan ɗan nan da ya ƙi gani lokacin da yake da rai.