Idan Allurar Gejin Mai Ta Ƙi Tsayawa Bayan An Yi wa Inji Aiki

Gejin mai da ke gaban direba ba yawan baƙin man da ke cikin inji yake nunawa ba, ƙarfin turinsa yake aunawa. Famfo ne ke zuƙo mai daga kwanon da ke ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta zuwa ƙananan hanyoyin da ke kai shi ga metal na karanshaf da sauran sassa masu juyawa. Matsewar waɗannan hanyoyi ce ke haifar da ƙarfin da allura ke nunawa. Don haka ba kowane motsinta ne abin tsoro ba. Da safe mai na da kauri, sai ta hau. In inji ya ɗau zafi mai ya tsinke, sai ta sauko. In an taka totur ta ƙara sama. Makanikai da yawa na riƙe da ƙiyasin psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, amma adadin da kamfanin motar ya rubuta shi ne abin dogaro. Allurar da ke tayar da hankali ita ce mai rawa alhali ƙafa ba ta motsa a kan totur ba.

Ana farawa da duba yawan mai, mota na tsaye a wuri mai daidaito. Sabuwar filta kan shanye wani kaso bayan tayarwar farko. In mai ya yi ƙasa, famfo zai riƙa haɗawa da iska, musamman a kan kwana ko in an taka birki. In kuma ya yi yawa, karanshaf zai kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfi.

Daga nan sai a tantance ko injin ne ke da laifi ko gejin. A yawancin motoci, wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin inji ce ke aika wa geji saƙo ta waya. Inji da aka sauke aka mayar, an taɓa duk wayoyinsa. Fulogi ɗaya da bai zauna ba, ko wayar at (earth) da ba a ɗaure tamau ba, ya isa ya sa allura tsalle. Maganin shakka shi ne a kwance na'urar, a ɗaura gejin hannu a gurbinta, a auna inji da zafinsa, a silo (ba a taka totur ba) da kuma sa'ad da aka ba shi wuta. In gejin hannu ya tsaya cak, aikin na mai wayarin ne. Wannan gwaji ba ya cin kuɗi, kuma kuskure ne babba a sake buɗe inji ba a yi shi ba.

In shi ma gejin hannu ya yi rawa, matsalar a ciki take. Wuri na farko da ake zargi shi ne bututun da famfo ke zuƙar mai da shi. Robar da ke bakinsa in ta tsage wajen ɗauri, ko aka mayar da tsohuwa, iska za ta riƙa shiga. A ƙarshen bututun akwai rariya, kuma a nan ne sakacin aiki ke bayyana. Gam ɗin da aka lafta wa gasket fiye da kima yakan tsatso ta ciki, ya bushe, ya ɓantale, ya taru a kan rariyar kamar tsumma a bakin magudana. In an kashe inji tarkacen ya saki, in an tayar ya sake mannewa. Shi ya sa ƙarfin ke zuwa yana tafiya. Kwanon da jak ya lotsa har ya kusa taɓa rariyar ma yana shaƙe ta.

Akwai kuma bawul mai sifirin a jikin famfo, wanda ke sakin rarar mai in ƙarfi ya yi yawa. Ɗan burbushin ƙarfe daga aikin da aka yi wa injin ya isa ya sa shi maƙalewa.

Mafi muni shi ne ƙarfin da ke da kyau da sanyi, amma ya faɗi warwas a silo in inji ya yi zafi. Wannan yawanci alamar rata ce tsakanin metal da karanshaf. Ratar da ake bukata ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In an yanka karanshaf da milimita 0.25, wato abin da ake kira 010, aka sa masa metal na asali, mai zai riƙa tsiyaya ta gefe. Wasu kan zuba mai mai kauri irin 20W-50 don allura ta ɗaga. Wannan rufa-rufa ce, ratar na nan tana ƙaruwa.

Duk lokacin da jar fitilar mai ta kama, ko aka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, a kashe shi nan take, a ja motar zuwa gareji. Inji da ke juyawa ba ƙarfin mai yana iya cinye metal ɗinsa cikin 'yan mintoci.