Wane Linux Ne Ya Dace da Kwamfutarku?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ga shi tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Kada ku jingine taku. Akwai Linux, babbar manhaja ta kyauta, sai dai iri-iri ce.

Wanda ya saba da Windows ya fara da Linux Mint, domin fuskarsu ta yi kama. Kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi kuwa Lubuntu ne daidai da ita, saboda ba shi da nauyi.

Kafin ku ɗora, ku kwafe ayyukan makarantarku zuwa wani wuri. Sannan ku kunna Linux ɗin daga filas, ku tabbatar intanet da sauti suna aiki. In sun yi, bismillah.