Sunan Sama, Rigimar Ƙasa a Hawai

A 2017 na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawai ta hango wani baƙon abu da ya shigo daga wajen tsarin ranarmu. Aka raɗa masa suna da harshen 'yan asalin tsibirin: ʻOumuamua, wato ɗan aike na farko daga nesa.

Suna dai ba ya wuya. Ƙasa ce abin rigima. A Yulin 2019 dubban 'yan asalin suka tare hanyar Mauna Kea, dutsen da suke ɗauka mai tsarki, don hana kafa na'urar hangen nesa ta TMT mai madubin mita 30 a kansa. Aka kama dattawa fiye da 30, wasu a keken guragu. Abin ya taɓa zuciya. Sai a 2022 doka ta kafa sabuwar hukumar kula da dutsen, har da kujerar masanin al'adun gargajiya.