Zaɓen Keke da Kayan Gyaransa a Kasuwar Kan Iyaka: Misali Daga Malanville

1.0 Gabatarwa

Keke yana daga cikin baƙin abubuwan da suka shigo ƙasar Hausa bayan zuwan Turawa, suka zauna har suka zama 'yan gida. Manomi yana hawansa zuwa gona, ɗalibi zuwa makaranta, ɗan kasuwa kuma yana ɗora masa kaya zuwa kasuwannin ƙauye. A 'yan shekarun nan kuma an sami matasa masu hawansa don motsa jiki da nishaɗi a hanyoyin daji. Dukkan waɗannan matsalarsu ɗaya ce ranar saye, wato yadda mutum zai fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya sami abin da zai yi masa ƙarko. Wanda ya sayar da shinkafarsa ya sayi keke, bayan wata uku firam ya tsage, ba shi da wata shinkafar sai baɗi.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana ma'aunan da ake bi wajen zaɓen keke da kayan gyaransa. An ɗauki garin Malanville a matsayin misali saboda kasuwarsa matattara ce ta kayan ƙasashe dabam-dabam, masu kyau da na jabu.

2.0 Malanville da Kasuwarta

Malanville, wanda Hausawa ke kira Malanbil, gari ne a jihar Alibori da ke arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara. Yana fuskantar garin Gaya na Jamhuriyar Nijar, gada ce ta haɗa su. An ba shi sunan ne daga Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Faransa a Dahomi. Daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai tazarar fiye da kilomita 700, ta hanyar Kandi da Paraku. Garin Kamba na jihar Kebbi ma ba shi da nisa. Saboda haka Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa duk suna cin wannan kasuwa, wadda take cikin manyan kasuwannin ƙasar Benin.

Kasuwar kan iyaka tana da wata ɗabi'a da ya kamata mai saye ya sani: shigowar kaya cikinta ya danganta da halin da iyakar ke ciki. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, an rufe gadar Gaya da Malanville. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairu 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, mutane suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. A irin wannan hali kayan da ba kowa ke nema ba su ne suke fara ɓacewa daga rumfuna. Wannan shi ya sa samuwar kayan gyara ta zama babban ma'auni a nan.

3.0 Ire-iren Kekunan da Ake Samu

3.1 Keken Ɗaukar Kaya

Wannan shi ne baƙin keken nan mai ƙafa 28, mai birkin sandar ƙarfe da kariya mai ƙarfi, ba shi da giya. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ne ya fi shahara da shi a wajen Hausawa, har ya taɓa samun masana'anta a Kano. Daga baya kekunan ƙasar Sin irin su Phoenix da Flying Pigeon, da na Indiya irin su Hero, suka cika kasuwa da wannan fasali. Yana da nauyi, birkinsa kuma ba ya kamawa sosai idan gargaren ya jiƙe. Sai dai yana ɗaukar buhu, kuma kusan kowane mai gyara na ƙauye ya san cikinsa.

3.2 Keken Hawa Duwatsu

Wannan nau'i ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. A 1996 tseren irin wannan keke ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana kiransa VTT. Yana da faffaɗar taya mai ƙuraje da giya da yawa. Ana samunsa iri biyu: sabo mai araha, da gwanjon da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Aiki da Hanya

Tambayar farko ita ce, me za a yi da keken, kuma wace hanya zai bi? Yankin Malanville ƙasa ce ta kwarin kogi. Akwai rairayi, akwai taɓon fadama da damina, akwai burji mai gargada, ga kuma ƙaya da tsidau. A nan faɗin taya ya fi yawan giya amfani, domin siririyar taya nutsewa take yi a rairayi. Mai ɗaukar albasa ko shinkafa keken ɗaukar kaya ya dace da shi. Mai yawo a hanyoyin daji wajen Karimama kuwa, keken hawa duwatsu ya fi masa.

4.2 Samuwar Kayan Gyara

Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya zaga rumfunan kayan gyara ya tambayi taya da tif da sarƙa da takalmin birkin keken da yake so. Idan rumfa ɗaya ce kawai take da su, to akwai matsala a gaba.

Lambar taya tana yawan ruɗa mutane. A gefen kowace taya akan rubuta lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 40-635. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuwa faɗin bakin gargare ne, duk a ma'aunin milimita. Ta biyun ita ce abin lura. Keken ɗaukar kaya 635 yake sha, amma akwai wata tayar da ita ma ake kira 28 alhali 622 ce, ba ta hawa gargarensa. Haka kuma tsohon keken hawa duwatsu mai ƙafa 26 yana shan 559, wani mai ƙafa 26 na cikin gari kuma 590. Sababbin kekuna masu ƙafa 27.5 suna shan 584, masu 29 kuma 622. Bawul ma iri uku ne: Dunlop da aka saba gani a keken ɗaukar kaya, da Schrader irin na mota da babur, da siririn nan Presta wanda ba kowane famfo ke kama shi ba.

Wannan ƙa'ida ta shafi birki. Birkin waya kowane mai gyara yana iya ɗaure shi. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi kamawa, amma ranar da ya yi yoyo sai an nemo mansa da wanda ya iya zuba shi.

4.3 Ƙarfen Firam

Firam shi ne ƙashin bayan keke. Na baƙin ƙarfe yana da nauyi kuma yana tsatsa, amma idan ya tsage mai walda na bakin titi zai iya ɗinke shi. Na alminiyam ba shi da nauyi, sai dai waldarsa tana buƙatar na'ura ta musamman, kuma wurin da aka ɗinke yakan yi rauni. Ana bambance su da maganaɗisu: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Akwai kuma sababbin kekuna masu araha da ake yi wa shokozoba gaba da baya don jan ido. Irin wannan ƙarin nauyi ne, kuma mahaɗansa sukan yi saurin yin lako-lako. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

4.4 Lissafin Shekara

Farashin ranar saye ba shi kaɗai ne kuɗin keke ba. A ƙaddara, don misali kawai, akwai kekuna biyu. Na farko sefa 40,000, yana cin gyaran 15,000 a shekara, ya mutu bayan shekara biyu. Jimilla 70,000 ke nan, wato 35,000 a kowace shekara. Na biyu sefa 60,000, gyaransa 8,000 a shekara, ya yi shekara shida. Jimilla 108,000, wato 18,000 a shekara. Ashe mai tsadar shi ne mai araha. Duk da haka tsada ba koyaushe take nuna inganci ba, domin ana liƙa sunayen manyan kamfanoni irin su Shimano na Japan a kan kayan jabu. Shi ya sa dubawa ta zama dole.

5.0 Yadda Ake Duba Keken Gwanjo

Gwanjo mai kyau yakan fi sabo mai araha, amma ba a cinikin biri a sama. Ga matakan da ake bi:

(a) A duba mahaɗan firam, musamman ƙarƙashin wuya da wajen da feda take. Fenti mai kumburi ko tsagewa alama ce ta karo. Sabon fenti a wuri ɗaya kuma yana iya ɓoye walda.

(b) A ɗaga kowace ƙafa a juya ta. Idan gargare yana kaiwa da komowa tsakanin takalman birki, ya karkace. A matsa wayoyin ƙafar biyu-biyu a ji ko akwai sako-sako.

(c) A riƙe ƙafa a girgiza ta gefe da gefe, haka ma hannun feda. Idan an ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci ko ya saki.

(d) A kama birkin gaba a tura keken gaba da baya. Motsi a wuya yana nuna boris ɗin wuya ya saki.

(e) A auna sarƙa. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka daga wata ƙusa zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne daidai. Idan ta zarce da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canja ta ya yi. Idan ta kai milimita uku, to ta riga ta cinye haƙoran giya, sai an canja su tare.

(f) A kwance sirdi a ga ko sandarsa tana motsi. Wadda tsatsa ta kama cikin firam wahala ce babba.

(g) A ƙarshe a hau a zaga, a gwada kowace giya da birki, domin gani ya kori ji. Keken ya yi wa mutum daidai idan ya zauna a sirdi, ya sa dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarsa ta miƙe ba tare da ya karkata ba.

6.0 Kayan Aiki da na Kariya

Kayan da mai keke yake buƙata ba su da yawa: famfo, da faci da gam, da ƙarfen cire taya, da sifana mai lamba 15 ta ƙafa da feda, da filaya, da sukundireba, da giris. Mai keken hawa duwatsu ya ƙara da makullan nan masu kusurwa shida, lamba 4 da 5 da 6. A nan bai kamata a bi araha ba, domin sifana mai taushi takan cinye kan noti, ƙaramin gyara ya zama babba. A lura cewa fedar hagu baibai ake ɗaure ta, da yawa sun lalata ta saboda rashin sanin haka. Baƙin mai na mota da ake shafa wa sarƙa kuma yana tara yashi, yashin ya riƙa cin ƙarfe. Gara ɗan mai mai tsabta, a goge ragowar da tsumma.

Abin da bai kamata a saya gwanjo ba shi ne hular kwano. Kumfar da ke cikinta sau ɗaya take shanye bugu, kuma wadda ta taɓa faɗuwa ba lallai ne ido ya gane ta ba.

Waɗannan ma'aunai sun shafi sauran kayan sana'ar hannu. Mai sayen keken ɗinki, alal misali, ya fara tambayar allura da ƙwarya da bel kafin ya dubi ƙyallin kan.

7.0 Ciniki da Ƙirgar Kuɗi

A wannan yanki sefa da naira duk suna yawo. Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro a kan 655.957, naira kuwa darajarta ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Don haka wanda ya zo daga Kamba ya fara sanin canjin ranar kafin ya yi tayi. Ƙirgar sefa da Hausa ma tana ruɗa baƙo. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, ɗari kuwa sefa 500, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Wanda aka ce wa jika arba'in, sefa 40,000 ake nufi.

Yana da kyau mai saye ya je da mai gyaran da ya amince da shi, domin dillali la'adarsa tana kan a sayar ne. Idan an sallama, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar firam, wadda galibi ake bugawa a ƙarƙashin mahaɗar feda, kuma a yi cinikin gaban shaidu. Keken da aka goge wa lamba a bar shi komai arharsa, don kada mutum ya sayi kayan sata.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi bayanin matsayin Malanville a matsayin kasuwar kan iyaka, da ire-iren kekunan da ake samu, da ma'aunai huɗu na zaɓe, wato aiki da hanya, da samuwar kayan gyara, da ƙarfen firam, da lissafin shekara. An kuma kawo matakan duba gwanjo da kayan aikin da suka wajaba. Abin da aka fahimta shi ne, keken da ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne wanda za a iya gyarawa a garinsu ko da iyaka tana rufe. Ana shawartar ɗalibai su ziyarci masu gyaran keke na yankunansu, su tattara sunayen sassan keke da kalmomin ciniki, su kwatanta waɗanda aka aro daga Ingilishi a Nijeriya da waɗanda aka aro daga Faransanci a Nijar da Benin.